Sulallan da Kakata Ta Goge da Toka

Ya wajaba in fara da bayyana inda na samo abin da ke cikin wannan rubutu, domin kada a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Mafi yawansa daga bakin kakata ne, wadda ta haifi mahaifina, muna kiranta Iya. Sau uku na zauna da ita da hantsi, a ɗakin da muke haya cikin garin Birnin Gwari tun da muka baro ƙauye, na kuma naɗi muryarta a waya da izininta. Sauran daga Baffa ne, ƙanen mahaifina, wanda ya kai kayan Kaduna. Mahaifiyata ta ƙi cewa komai, ni ma ban matsa mata ba.

Ban sa shekaru ba. Iya ba ta auna rayuwarta da su. "Kafin aurena" take cewa, ko "ina goyon Baffanka". Na yi ƙoƙarin daidaita waɗannan da kalanda, sai na ga kowane ƙiyasi yana iya karkacewa da shekara huɗu ko biyar, don haka na bari. Sunaye ma ban sa ba, saboda dalili biyu. Waɗanda suka yi mana abin da suka yi suna nan cikin dajin har yau. Sannan mahaifina ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa, ba kuwa zan sa mata a baki abin da ta hana kanta ba.

Abin da kowa ya haɗu a kai shi ne wannan: Iya ta sami tsofaffin sulallan zinariya bakwai daga mahaifinta, an ɗauke mahaifina a gona, an sayar da sulallan don a cika kuɗin fansa, kuɗin bai cika ba, bai dawo ba. Inda aka saɓa shi ne kamanninsu. Iya ta ce uku ne masu rubutun Larabci zalla, Baffa ya ce biyu ya gani. Babu wanda ya ɗauki hotonsu. Na cire maimaici daga maganarta, na daidaita wasu jimloli, amma ban ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Ranar farko da na ajiye wayar a kan tabarma, sai ta harare ta, ta ce, "Maigida, wannan abar ce za ta riƙe maganata? Duk kuɗin bokon da aka kashe maka, kanka ba ya riƙo?"

Na ce, "Iya, kaina yana ƙari. Ita ba ta yi."

Ta ce, "Ashe ta fi ka hali. Da ita na aura. Kunna."

Ga abin da ta faɗa.

* * *

A ƙauyenmu, can bayan Kusasu, taɓarya ce ke tashin mutum. Gida ɗaya zai fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta leƙo duk unguwa ta ɗauka, har kana iya gane mai daka daga bugunta. Matar gidan maƙera sauri gare ta kamar ana korarta, innarmu kuwa takan cilla taɓaryar sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Daga nan zabi su sauko daga kan tsamiya da surutunsu, matan Filani su shigo da nono muna tsokanar Hausarsu, su ma su yi mana dariya idan mun gwada Fillanci, maƙwabtanmu matan Gwari su wuce da itace a kafaɗa mu gaishe su da yarensu. Dajin nan da kuke rage murya idan za ku ambace shi, rumbunmu ne. Da bazara ɗorawa, da farkon damina kaɗanya, ga ɗinya, ga kanya, ga zuma ga wanda ya iya hayaƙi. Mu 'yan mata goma mukan shiga tun safe ba namiji ko ɗaya tare da mu, iyakar abin tsoronmu maciji ne da gwaggon biri mai ƙwace ƙwarya. Mu dawo da yamma wuya ya ƙage, a dafa kaɗanya, a shanya, a daka, a kirɓa, gida ya kwana uku yana ƙamshin man kaɗe. Babur ɗaya ne a duk yankin, na malamin gona, idan an ji ƙararsa yara su bi shi da gudu har bakin rafi. Yanzu idan aka ji babur, uwa ɗanta take lalube.

Zinariyar nan ma da ake kashe juna a kanta, mun san ta tun ba ta da fushi. Idan an gama kaka, ruwa ya ja baya, maza sukan ɗauki ƙwarya su tafi rafi wanki. Su ɗebo yashi su yi ta juyawa, su zubar, su sake juyawa, har sai baƙin yashi ya rage a ƙasa, a cikinsa ka ga ɗigo-ɗigo kamar garin ɗorawa. A tara a 'yar kwalbar turare, a auna da ƙwayar idon zakara. Babu rami, babu inji, babu bindiga. Wanda ya samu ya sayi gishiri da zanen Sallah, wanda Allah ya ɗaga ya sayi sa ko keke, da ruwan farko kuma kowa ya koma gonarsa.

Babanmu kaɗai ne bai sayi sa ba, bai sayi keke ba. Shi tasa ƙurar yakan tara ta shekara biyu, uku, sai ya ji labarin wani alhaji ya dawo, ko wani falke ya sauka a Birni, ya niƙa gari ya tafi da ƙafa. Ya ba da kwalba, ya karɓo sule ɗaya. Kuma a kan sikeli abin da yake bayarwa ya fi abin da yake karɓa nauyi, wannan kowa ya sani. Ga tsirfa. Idan an kawo masa wanda aka huda don sarƙa, ko aka liƙa wa kunne, ko wanda hannu ya cinye rubutunsa, sai ya mayar, ya dawo gida da kwalbarsa bayan tafiyar kwana biyu. Mutane suna yi masa dariya a bayan ido. Innarmu kuwa a gaban ido take yi. Takan ce, "Malam, ka kai abu mai nauyi ka karɓo marar nauyi, ka dawo kana murna? Ga ɗakina yana yoyo." Shi kuma ya ce, "Ki kawar da gadon gefe, rani na zuwa." Ta ce, "Bara ma haka ka ce." Ya ce, "Bara ma ai ranin ya zo." Sai ta tsuke baki don kada ya ga tana dariya.

Akwai yini ɗaya da na fi tunawa da shi fiye da ranar aurena. Jajibirin Babbar Sallah ne, ban kai ɗaurin ƙirji ba. Kakarmu, uwar babanmu, wadda aka sa mini sunanta, ta fito da tasoshinta a raba wa 'yan mata su wanke. A cikinsu akwai wata tsohuwar tasa da hayaƙi ya cinye, ta yi baƙi ƙirin, kowa ya tsallake ta. Ni ce ƙarama, ita ta rage mini. Na ɗauke ta na tafi rafi da toka a tsumma, da jiƙaƙƙiyar tsamiya, na sami yashi mai laushi a ƙarƙashin dutse. Sauran suka gama suka yi wanka suka tafi, ina nan. Na goge har fatar yatsuna ta saɓule, tsamiya tana shiga tana yi mini zogi, ban daina ba, sai da na ga haƙorana a cikinta. Da na kawo, tsohuwar ta juya ta, ta sake juyawa, ta ɗaga ta sama a tsakar gida ta ce, "Ku zo ku ga hannu." Sannan ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce, "Riƙe wannan. A gidan nan, abin da zai fita ya shiga hannun baƙo ba ya fita da dauɗa, ko ƙwaryar aro ce. Da ita za a auna matan gidan." Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yini ba. Na riƙe kuwa. Na riƙe fiye da yadda ya kamata.

Babanmu yana zaure yana ji. Bayan la'asar ya kira ni turakarsa, abin da bai taɓa yi wa ɗayanmu ba. Ya ce, "Uwata, tunda yau ranarki ce, zo ki ga wani abu." Ya miƙa hannu cikin jinka ya zaro wata batta ta fata, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya warware auduga. Biyar ne a lokacin, biyu daga baya suka zo. Ba ya taɓa su da yatsa. Da bakin ƙyallen yake kama gefensu ya ɗaga. Wani da hoton tsohuwa mai lulluɓi, wani da namiji mai gemu da sanƙo, a bayansu mutum bisa doki yana faɗa da wata dabba mai kama da kada mai fiffike. Waɗansu ba hoto, rubutun Larabci ne ya nannaɗe kamar igiyar da aka ƙulla aka sake ƙullawa. Komai ya fito raɗau, har gashin gemun ana iya ƙirgawa. Amma launinsu bai burge ni ba. Ja-ja ne, a dushe, kamar zumar da ta shekara. Ni kuwa ga ni da yabo a ka. Na ce, "Baba, sun yi duhu. In kai maka su rafi?" Ya yi dariya har ta sarƙe shi, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Allah ya shirye ki, Uwata. Bar su haka." Ya naɗe, ya mayar cikin jinka. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Maza a lokacin ba sa yi wa 'ya mace bayani. Yi, bari, shi ke nan. Na ɗauka wannan ma cikin tsirfarsa ne, irin ta rufin ɗaki. Da ciwon ajali ya kama shi, ina goyon Baffanka, ya ba ni battar a gaban shaidu, ya ce ni kaɗai ce na taɓa damuwa da su. Na sa ta a ƙasan kwalla na jera kwanoni a kai.

Babanka kuwa, da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, haka ake yi. Ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Idan ya faɗi a tsakar gida sai in kau da kai, wata ta ɗaga shi. Da ya girma yakan zo gaishe ni ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. Tuwon da na fi gyara wa miya shi nake aika wa gidansa, in ce na yara ne. Ya sani. Yakan dawo da kwanon da kansa, ya ce, "Iya, yaran sun gode," alhali man miyar yana gemunsa. Shekara nawa muka yi a haka, kuma babu wanda ya cuci wani, hanyar da muka tarar ke nan. Matan yanzu suna rungume ɗan fari a gaban surukai, suna kiran sunansa tun daga bakin titi. Da ina ganin rashin kunya ne. Yanzu ban san me nake gani ba.

Ka san yadda muka baro ƙauye, kana makaranta lokacin amma ka ga kayanmu a kan amalanke. Ba a rana ɗaya abin ya lalace ba. Aka fara haƙa ramuka inda ake wanki da ƙwarya, baƙi suka cika rafi, ruwan ya koma ja. Aka fara kora shanu. Aka daina zuwa kaɗanya. Taɓarya ta yi shiru gida bayan gida, har ranar da na tashi na ji ni kaɗai ke daka, na ajiye. Muka dawo Birni, amma gona ba ta biyo mu ba. Babanka ya ci gaba da laɓaɓawa yana noma wadda ke wajen Gayam, ya tafi da sassafe ya dawo kafin azahar. Ranar da aka je karyar masara mutanen daji suka fito musu, suka tafi da shi. Kwana biyu bayan haka suka kira Baffanka da wayar babanka, suka yanka kuɗi, suka ba da wa'adin kwana goma. Ga shi da ciwon suga, maganinsa yana aljihun rigar da ya bari a rataye. Gida ya cika da mata, uwarka tana suma ana yayyafa mata ruwa, ƙannensa suna kuka suna kiran sunansa. Ni kuwa ina zaune a gefe, duk wadda ta zo ta yi mini jaje in ce, "Allah ya bayyana shi," kamar ɗan maƙwabta ne ya ɓata. Aka sayar da masarar bara, da shanun huɗa, da babur. 'Yan'uwa suka kawo abin da suka iya. Bai kai ba.

Rana ta shida cikin wa'adin, bayan na idar da sallar asuba, na sauke kwanoni na ciro battar. Audugar ta yi rawaya. Na warware na gan su, sun ƙara duhu a kan yadda na san su. Na ce a raina, waɗannan ne za su je su tsaya a madadinsa a gaban baƙo, a haka? Mai saye ya gan su ya ce tagulla ce, ya karya kuɗinsu? Maigida, ka fahimce ni. Ba ni da ikon yin kuka, ba ni da ikon kiran sunansa, ba ni da ƙafar shiga daji. Abu ɗaya hannuna ya iya. Na tankaɗe toka, na yanka lemun tsami, na ɗebo yashi a bayan ɗaki na tace shi da mayafi. Inda ya ƙi fita, cikin lungun rubutun nan, na sa soson ƙarfe. Ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har aka kira azahar. A kan kowane ɗaya ina faɗin sunansa a zuci, tunda a can babu mai ji. Da na gama na jera su a kan faranti, ido ba ya iya tsayawa a kansu. Tun da aka ɗauke shi, sai a wannan lokacin na ji numfashina ya sauka har ciki. Na kira Baffanka na ce, "Ungo. Kai wa masu saye. Kada ka bari su raina maka."

* * *

Nan maganar Iya ta tsaya a zama na biyu. Abin da ya faru a Kaduna daga Baffa na ji shi, na kuma sa ya maimaita mini a ranaku biyu daban-daban. Bai canza komai ba sai launin hular mai shagon.

Ya ce washegari ya bi ayarin motoci, ya isa layin masu gwal a kasuwa, aka nuna masa shagon wani dattijo da aka ce ya san tsofaffin kaya. Dattijon ya shimfiɗa ƙyalle, ya sa wani ɗan gilashi a ido, ya ɗauki na farko ta gefe. Ya daɗe. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu. Da ya zo kan masu rubutun Larabci sai ya cire gilashin, ya goge shi, ya mayar.

Ya ce, "Malam, wa ya yi musu wannan aikin?"

Baffa ya ɗauka yabo ne. Ya ce, "Tsohuwarmu ce, Alhaji. Jiya-jiyan nan."

"Da me?"

"Toka dai da yashi, irin na mata."

Dattijon ya yi salati a hankali. Ya miƙa wa Baffa gilashin ya ce ya duba. Baffa ya ce abin da ido ke gani sumul, a cikin gilashin kamar an ja ƙaya a kai ta kowace fuska, gashin gemun nan ya shafe, bakin haruffan ya dakushe.

Dattijon ya ce, "Akwai masu tara irin waɗannan, a nan ƙasar da waje. Su ba nauyi suke saye ba. Tsufa suke saye, da fatar da abin ya fito da ita daga maƙera. Duhun nan da ta cire, shi ne shaidar ba a taɓa su ba. Waɗannan masu rubutun, sau ɗaya na taɓa riƙe irinsu. Da kun kawo su yadda suke, da yanzu waya nake bugawa."

"Yanzu fa?"

"Yanzu gwal ne kawai. Sai sikeli."

Baffa ya ce, "Alhaji, rai ne a daji."

Ya ce, "Tun da ka faɗi garinku na sani. Ba kai ne na farko ba."

Ya auna, ya biya kuɗin nauyi, kuma a cewar Baffa bai cire la'adar da aka saba cirewa ba. Baffa ya tambaye shi nawa za su yi da ba a goge ba. Ya ce, "Ba zan faɗa maka ba. Ba abin da zai amfane ka da shi yau."

An haɗa da abin da ke hannu aka kai inda suka ce. Suka karɓa, suka ce saura, suka ƙara mako ɗaya. Kafin a haɗa sauran, wani da aka sako ya zo har gida ya faɗa mana cewa jikin mahaifina ya rikice tun kwana uku da suka wuce, ya cika da rana tsaka, waɗanda aka tsare tare da shi suka yi masa sallah suka rufe shi a gindin wata kaɗanya. Aka yi zaman makoki babu gawa.

Baffa ya yi niyyar ya mutu da maganar dattijon a cikinsa. Amma bayan an watse, wata rana ya shiga gaishe da Iya, sai ta ce, "Ban tambaye ka ba. Da mai shagon ya ga yadda suka yi kyau, me ya ce?" Ya yi kamar bai ji ba. Ta ce, "Da kai nake." Baffa ya ce mini shekararsa hamsin da wani abu bai taɓa yi mata ƙarya ta zauna ba, kuma bai shirya wata ba. Ya faɗa mata. Ta ce, "To." Ta ce ya miƙo mata buta.

A zama na uku ta sa na kashe wayar, saboda haka abin da ke biye daga ƙwaƙwalwata ne, na rubuta shi da na fito. Ta ce, "Maigida, kai ka yi boko. Ka bincika mini. Gaskiya mutumin nan ya faɗa, ko bakin 'yan kasuwa ne?" Na fara cewa kwana ne ya ƙare, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malamai sun faɗa mini, na kuwa yarda, ban ja da Ubangiji ba. Ba wannan na tambaye ka ba. Kada ka lallashe ni, ni ba amarya ba ce."

Na bincika iyakar iyawata. Na je shagon, na tarar da wani a ciki. Aka ce dattijon ya bar kasuwa saboda rashin lafiya, ya koma garinsu, babu mai lambarsa da ke shiga. Sulallan, in ji maƙwabtan shagon, mai yiwuwa an narka su tuntuni. Na tambayi masu gwal biyu. Na farko ya ce maganar dattijon gaskiya ce tsantsa, shi ma ya taɓa ganin an yi irin wannan asara. Na biyu ya yi murmushi ya ce shekararsa talatin a layin yana jin labarin masu tarawa, bai taɓa ganin wanda ya biya fiye da sikeli ba. Na karanta abin da masu wannan sha'awa suke rubutawa. Sun haɗu a kan cewa gugar yashi tana karya darajar tsohon sule ƙwarai. Amma sun kuma ce yawancin masu hoton doki an buga su da yawa, kuɗinsu bai cika wuce nauyinsu ba ko da ba a taɓa su ba. Wanda ba a cika samun irinsa ba kuwa ana gane shi ne da shekarar da ke jikinsa da wata 'yar alama, kuma a gidanmu babu wanda ya karanta ko ɗaya. Masu rubutun Larabcin, biyu ne ko uku, ban san ma daga wace ƙasa suka fito ba. Ko da masu tsada ne, ban san ko za a sami mai saye cikin kwana ukun da suka rage ba. Na kuma tambayi wani da ya sha kai kuɗin fansa a madadin mutane. Ya ce ya ga waɗanda aka cika wa kuɗi aka sako su a ranar, ya kuma ga waɗanda aka cika wa aka ƙara yanka wani.

Ina iya shiga ɗakinta in ce mata bakin 'yan kasuwa ne, toka ba ta rage komai ba. Za ta dube ni, wataƙila ta yarda, wataƙila ta ci abinci fiye da loma uku. Na kai bakin ƙofar da wannan niyya sau biyu, na juyo, domin ban tabbatar ba, ita kuma ta roƙe ni abu ɗaya ne, kada in lallashe ta. Ɗaya amsar ma ban tabbatar da ita ba, kuma ko na tabbatar ban san da wane baki zan faɗe ta ba.

Shekaranjiya na kai mata kunu, ta ce, "Maigida, ina aikina?" Na ce ina kai. Ta ce, "Ka ɗaga ƙafa. Ni ma ba zama na zo yi ba."

Iyakar abin da na iya tattarawa ke nan. Na rubuta shi ne da fatan wani da ya san tsofaffin sulalla, ko ya san dattijon nan, zai karanta ya gaya mini abin da na kasa ganowa. Da Iya ta bar su da duhunsu, da mahaifina ya dawo gida?